Rijiyar Damagaram: yadda aka kashe Kaftin Cazemajou a 1898

 

A shirinmu na daren Laraba wata ɗaliba ta kira, ta ce ta tsinci wani littafin Faransanci cikin kayan yayanta, labarin kisan kai a birnin Landan zamanin Sarauniya Viktoriya, kwana biyu ta yi ba ta iya ajiye shi ba. Sai ta ce mini: "Yaya, su Nasara kullum suna tono kashe-kashen zamanin kakanninsu suna mai da su littafi. Mu fa, ba a taɓa kashe kowa ba ne a da?" Na yi dariya, lokaci kuma ya ƙure, na yi mata alkawarin amsa a rubuce. To ƙanwata, ga amsar nan. Tana da tsawo, ki nemi wuri ki zauna.

Irin littafin da ta karanta, Faransawa na ce masa polar historique, wato labarin binciken kisan kai da aka dasa cikin wani zamani da ya shuɗe. Zamanin da marubutan suka fi so shi ne na Viktoriya, wadda ta yi sarautar Ingila daga 1837 zuwa 1901. Ruwa ba ya tsami banza. A lokacinta ne ƴan sandan Landan suka buɗe sashen ƴan sandan ciki masu bincike, a 1842. A lokacinta ne jarida ta yi araha har lebura ke saye, kotu kuma tana rubuta abin da kowane shaida ya faɗa. Gawa ɗaya sai ta bar takardu buhu guda.

Misali, a 1860, a wani gidan masu hali a ƙauyen Road, aka ɗauke yaro ɗan shekara uku daga gadonsa cikin dare, da safe aka same shi a yanke cikin masai. Aka turo ɗan sandan ciki daga Landan, Jonathan Whicher, ya ce yayar yaron ce ta kashe shi, Constance Kent, yarinya ƴar shekara 16 da suke uba ɗaya. Jaridu suka yi masa caa, wai ya ci mutuncin gidan mutunci. Bayan shekara biyar yarinyar ta amsa da bakinta. Marubuci Wilkie Collins ya ɗebi wani abu daga wannan shari'a ya zuba a littafinsa The Moonstone na 1868. Sai kuma babban, wanda ko a nan wasu sun ji sunansa a fim: Jack the Ripper, da ya kashe mata aƙalla biyar a unguwar talakawa ta Whitechapel tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Nuwamba na 1888. Ba a kama shi ba har yau, shi ya sa kowane marubuci ke fitowa da nasa mai laifin.

Dabarar ita ce: gawa ta gaskiya, rana ta gaskiya, takardun gaskiya, sannan marubuci ya cike guraben da takarda ta bari da tunaninsa. Ni ma na sha irinsu. Ina kolej wani mushenmu ya ara mini Sherlock Holmes na Faransanci, na karance shi da fitilar ƙwai. Wallahi na san titin Baker Street kafin in san abin da ya faru a Tirmini.

Alhali zamanin Viktoriya bai tsaya a Landan ba, ya zo har Damargu bisa raƙumi. A watan Janairu na 1851 Turawa uku da gwamnatin Ingila ta aiko suka sauka a ƙasarmu tare da ayarin Abzinawa: James Richardson, Adolf Overweg, da Heinrich Barth wanda ya raɗa wa kansa suna Abdul Karim. A nan Damargu suka rabu, kowa ya kama hanyarsa. Barth ya yi Tasawa, Katsina da Kano, Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir, Richardson ya shiga Damagaram, daga can ya nufi Kukawa amma ciwo ya kashe shi a hanya cikin watan Maris. Hanyar da suka biyo ita ce babbar hanyar fatauci: Tarabulus, Gat, Abzin, Damargu, Damagaram, Kano. Geron Damargu ke ciyar da Abzin. Gashin jiminar da aka kama a dajinmu shi ke kan hulunan matan Landan da Paris. Ana fita da fata da hauren giwa, da bayi ma, mu faɗi gaskiya. Ana shigo da yadi, takarda, sukari, bindiga da albarushi.

Wannan hanya da rassanta sun ci Turawa da dama. A 1869 aka kashe wata attajira ƴar Holan, Alexine Tinne, tsakanin Murzuk da Gat. A watan Fabrairu na 1881 mutanen Ahaggar suka hallaka Kanar Flatters da yawancin mutanensa, waɗanda suka zo duba inda za a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Sahara. Amma wanda ya fi kusa da mu, wanda ya juya tarihinmu gaba ɗaya, a cikin birnin Damagaram aka yi shi.

Sai mun san halin da birnin ke ciki kafin mu gane kisan. Sarkin lokacin shi ne Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimun, ya hau gadon sarauta a 1893. Ubansa ya bar masa ƙasa mai ƙarfi, da ganuwa, da bindigogi, har da igwa da ake ƙerawa a cikin birni. Amma a shekarar da ya hau, a cikinta ne Rabe ya ci Barno, ya ƙone Kukawa, ya kafa zamansa a Dikwa. Damagaram da can tana ƙarƙashin inuwar Barno, Shehu take kai wa gaisuwa. Yanzu Shehu ya faɗi, wanda ya kā da shi kuma mayaƙi ne da bai san iyaka ba, kowa na jiran ranar da zai juyo yamma. Ta kudu kuma sarki na yaƙi da Kano ta Sarki Alu, dakarunsa sun kai har Gezawa. Gaba kura baya siyaki, ko da yake shi ma sarkin Kura ake ce masa. Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: da yaƙin Rabe ya lalata hanyar Barno zuwa Fezzan, sai fatauci ya ƙara karkatowa hanyarmu. Zangon Damagaram ya cika da Larabawan Gadamas da Tarabulus, da madugan Kel Ewey, da masu raƙuman Damargu.

Cikin wannan hali, a tsakiyar watan Afrilu na 1898, wani Bafaranshe ya iso ƙofar birni daga yamma. Sunansa Marius Gabriel Cazemajou, kaftin ne, injiniyan soja, haifaffen Marsai, shekararsa 33. Ya taso daga Say a bakin kogin Kwara a ƙarshen 1897, ya bi ta Argungu inda ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Kabi. Tare da shi akwai tafintansa, wani Bature mai suna Olive, da ƴan tsirarun sojoji baƙar fata waɗanda ake ce wa tirayer, da masu ɗaukar kaya. Inda ya nufa shi ne tafkin Cadi, kuma cikin aikin da aka ba shi har da ganawa da Rabe.

Sarki ya karɓe shi hannu biyu. An ba shi masauki, an yi musayar kyauta, ya yi kamar mako uku yana shiga yana fita. Ran 5 ga watan Mayu, yana shirin ci gaba da tafiya, aka kira shi ganin sarki. Ya tafi shi da Olive, ya bar yawancin sojojinsa a masauki. Can aka far musu da kulake, aka kashe su, aka jefa gawarwakin cikin rijiya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki, kuma ba a cika faɗarsa ba. Sojojin nan da aka kashe musu shugaba, a tsakiyar ƙasar da ba su san kowa ba, ba su watse ba. Bisa rahoton da Faransawa suka rubuta, wani kaporal mai suna Kouby Keita ya karɓi jagoranci, suka kafe a masaukinsu kwana da kwanaki suna mai da wuta, suka matsa har aka sako ƴan uwansu da aka tsare. Sarki ya yi musu tayin su shiga aikinsa, suka ƙi. Daga baya suka sulale suka yi yamma, a ƙasa, da raunukansu, har suka kai bakin Kwara cikin watan Yuli. Daga bakinsu Faransa ta ji labari. Ku lura da wannan: babu Bature ko ɗaya da ya ga kisan ya rayu. Duk abin da aka rubuta a Paris daga baya, tushensa bakin baƙar fata ne, ta hannun tafinta, zuwa alƙalamin hafsan da ke son a ɗauki fansa.

A littafin Nasara tambayar ita ce wa ya yi kisan. A namu wannan ba ta da wuya, ba a kashe baƙon sarki a birnin sarki ba da yardar sarki ba. Tambayar ita ce don me. Me ya canza cikin mako uku?

Dalili na farko da masana tarihi ke kawowa shi ne Rabe. Ka sa kanka a wurin sarki. Ga Nasara da bindigogi masu ɗurin baya, irin waɗanda suka fi naka, yana gaya maka wajen babban maƙiyinka za shi. In ka bar shi ya wuce, wataƙila ka aika wa Rabe makamai da aboki. In ka ce ya koma, ba zai koma ba. In ka tsare shi, ka ajiye wuta a cikin rumbu. A ganina tayin da aka yi wa sojojin yana ƙarfafa wannan dalili: fada na son bindigogin da hannuwan da suka iya su, shugaban ne kawai ya zame mata ƙaya.

Na biyu, fataken arewa da malamai masu alaƙa da ɗarikar Sanusiyya. Waɗannan mutane ne masu yawo, sun san abin da ɗan birni bai sani ba. Sun san Faransa ta ci Aljeriya tun 1830, ta shiga Tunis a 1881, ta kama Tumbutu a 1894. Sun ga yadda abin ke farawa: mutum ɗaya ya zo da takarda da kyauta yana auna hanya, bayansa sai bataliya. Kuma cinikinsu gaba ɗaya ya dogara ga hanyar Sahara, wadda Nasara in ya zauna zai juya ta zuwa teku. Marubutan Faransa na lokacin sun fi son wannan dalili, don yana ba su damar cewa tsananin addini ne kawai, su huta da tambayar abin da kaftin ɗinsu ya zo yi a ƙasar mutane. Ni dai na fi ba dalilin Rabe nauyi, amma ɗaya bai kore ɗaya ba. A fada ba murya ɗaya ke magana ba. Akwai masu cewa a kashe, akwai masu cewa a bari, kuma a birnin akwai manya irin su Malam Yaro, babban attajirin nan mai hulɗa da Tarabulus, wanda daga baya Faransawa suka ɗauka abokinsu. Zaman shawarar nan da aka yi kafin 5 ga Mayu, shi ne zuciyar labarin, kuma shi ne babu wanda ya rubuta a lokacin.

Ga abin takaici. Kwana arba'in cif bayan kisan, ran 14 ga watan Yuni na 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar raba ƙasashen nan. Damagaram da Damargu suka faɗa rabon Faransa, Kano da Sakkwato rabon Ingila ta Viktoriya. Ba a tambayi sarki ba, ba a tambayi kowa ba. Ko da an bar kaftin ya wuce lafiya da guzurinsa, an riga an yanka an raba. Gawarsa hujja kawai ta ƙara musu.

Bataliyar kuwa ta zo. A farkon 1899 Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine suka taso daga bakin Kwara suka nufo gabas, suna ƙone garuruwa suna kashe mutane, Sansane Hausa, Lugu, Birnin Ƙwanni da sauransu. Wani hafsa da suka kora, Peteau, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana faɗar abin da ya gani, maganar ta kai kunnen gwamnati a Paris, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ran 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine ran 16, Voulet ran 17, a Maijirgi. Shi Chanoine ɗan janar ne, ubansa ya riƙe ministan yaƙi a 1898. Majalisar Faransa ta ƙi yarda a kafa kwamitin bincike, daga ƙarshe aka rufe dosiye da cewa zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Har wata jita-jita ta daɗe tana yawo a littattafansu, wai an buɗe kaburburan Maijirgi a 1923 aka tarar ba kowa. Ka ji abin da mai rubuta littafi ke nema.

Ragowar rundunar, ƙarƙashin Laftana Pallier, ta ci gaba. A ƙarshen watan Yuli ta gamu da dakarun Damagaram a Tirmini, dawaki da bindigar toka suka gamu da bindigar zamani, aka ci birni. Aka tono ƙasusuwan Cazemajou da Olive daga rijiya aka binne su da faretin soja, aka sa wa barikin da aka gina bisa dutse sunan kaftin, wanda yau ke ɗauke da sunan Tanimun. Sarki ya fita, aka bi shi, a tsakiyar watan Satumba aka kashe shi a Rumji, aka kawo kansa birni. Shi ya sa za ku ji ana ce masa Maje Rumji. Aka naɗa ƙanensa Amadu ɗan Basa. Mu kuma a watan Oktoba na wannan shekara rundunar Foureau da Lamy, da ta taso daga Aljeriya tana bin sawun Flatters, ta fito daga Agadas ta ratsa Damargu, ta shiga Damagaram ran 2 ga Nuwamba. A 1906 Faransawa suka ce sun gano makirci, suka tuɓe Amadu ɗan Basa suka kai shi Kodebuwa, har da abokin nasu Malam Yaro.

Yanzu ku ƙirga tare da ni. Rijiyar Damagaram gawa biyu ta ɗauka, mun san sunansu, mun san ranar, mun san garin haihuwar ɗaya da shekarunsa. Klobb da yake bin sawun Voulet ya yi ta ratsa garuruwan da suka zama toka, da gawarwaki a ramuka da rijiyoyi, har ƴan mata ƙanana a rataye a bishiya. Su waye? Takarda ba ta ɗauki sunan ko ɗaya ba. Abin ba a nan kawai yake ba. A Landan ma an yi shekara fiye da ɗari ana rubutu kan Jack, sai a 2019 wata marubuciya, Hallie Rubenhold, ta fitar da littafi sukutum kan rayuwar matan biyar ɗin da ya kashe, inda aka haife su, wa suka aura, yadda talauci ya kai su kwana a titi.

Wannan gurbi na waɗanda ba su da suna, a nan ƙagaggen labari ke da aiki, kuma mun ga ƙarfinsa a ƙasar nan. Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya yi zaman Damagaram, ya fitar da Sarraounia a 1980. A takardun Faransawa, Sarauniyar Lugu layuka kaɗan ta samu. Mamani ya ɗauki layukan nan da abin da ya ji a bakin mutane, ya gina mata ƙuruciya, ya sa mata magana a baki, ya ba ta zuciya. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yau babu ɗan lakwal da bai san ta ba. Ina jinjina masa. Amma ku gwada tambayar matasa goma labarin Sarauniya, za ku ji yawanci abin da ke cikin fim suke ba ku, suna rantsuwa tarihi ne. Har a shafukan nan namu ina ganin ana liƙa hoton ƴar wasan fim ɗin a ce ga Sarauniya Mangu. Littafi mai daɗi yana iya danne abin da tsofaffin garin da kansu ke faɗa. A ɗaya gefen kuma akwai aikin marigayi André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa: ya rubuta tarihin masarautar a ƙarni na 19 a matsayinsa na masani, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo kan Tanimun, bai gauraya biyun ba. Mai son ya taɓa labarin Cazemajou, wajensa zai fara.

Da ni ne zan rubuta, ba zan bi kaftin ba, Faransawa sun bi shi sun gaji. Ba zan shiga zuciyar sarki ba ma, nauyin ya fi ƙarfina. Zan ɗauki mutumin Damargu, mai raƙuma biyar da ya kawo gero da gashin jimina Zango, yana jiran Balarabe ya biya shi. Irin wannan mutum yana jin Hausa, yana jin Tamajak, yana tsintar Larabci. Yana kwana kusa da fatake, yana sayar wa sojojin Nasara hatsi, yana da aboki cikin bayin fada. Shi ne zai lura farashin albarushi ya tashi, ya lura wani manzo ya shigo daga gabas cikin dare, ya lura an daina gaishe da baƙon a kasuwa. Kuma yana da abin da zai rasa, don in hanya ta mutu shi ma ya mutu. Ta kuwa mutu: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, ayarin Tarabulus ya zama labari. Wannan mutumi ƙirƙira ne, ni na ƙago shi yanzu, kuma haka zan rubuta a shafin farko don kada gobe wani ya ce kakansa ne.

A nan hatsarin yake, kuma ina roƙon matasanmu masu rubutu a Facebook da WhatsApp su ji ni. Marubucin Landan in ya ɗora wa wani likitan 1888 laifin Jack, ba wanda zai tare shi a kasuwa. Mu a nan jikokin kowa na raye. Gidan sarauta na nan, zuriyar fatake na nan, zuriyar waɗanda aka ba umarni suka ɗaga kulki na nan, kuma su ba su da ikon cewa a'a. Akwai kuma zuriyar waɗanda suka nuna wa Nasara hanya ko suka yi masa tafinta, wasu don tsoro wasu don riba. In ka ƙago cin amana ka liƙa wa sunan gida na gaskiya don labarinka ya yi armashi, ka kunna wutar da za ta kai ga fasa aure. Abin da takarda ko bakin dattawa ya tabbatar, faɗe shi da sunansa ko da ɗaci. Abin da ka ƙago, ba shi sunan da ka ƙago.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Wanda ya ga 1899 da idonsa babu shi, amma akwai tsofaffi ƴan shekara tamanin da ɗoriya da suka zauna gaban kakannin da suka gani. Shekara uku da suka wuce aka gaya mini akwai wani dattijo a wani ƙauye arewa da Tenhya, kakansa ɗan ayari ne, yana ba da labarin shekarar da Nasara suka ratso daga Abzin kamar jiya aka yi. Na ce sai bayan damina, hanya ba kyau. Bayan damina na ce sai an gama girbi. Ranar da na hau babur da na'urata na je, sadakar bakwai na tarar. Ɗansa ya ce mini tsoho ya sha faɗar labarin da dare, amma su lokacin hankalinsu na kan waya. Laifina ne, ba na kowa ba.

Saboda haka ga roƙona. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da ya ji wani abu kan zuwan Nasara, kan ayari, kan Tirmini ko Rumji, ko kan wani kisa na zamanin da wanda aka yi shiru a kansa, ya zauna da shi yau, ya kunna wayarsa ya ɗauki muryar. Ku tambaye shi wa ya gaya masa, a wane gari, shi mai faɗar yana ina lokacin. Kada ku gyara masa magana ko da ta saɓa wa abin da na rubuta a nan. Ku turo ta akwatin saƙon shafin nan, wanda ba ya son a faɗi sunan gidansu ya ce, ba za a faɗa ba. Laraba mai zuwa bayan sallar isha za mu sa na farko a shiri. Ƙanwata mai tambaya, ke ma ina jiran kiranki, ki zo mana da sunan littafin nan.